Mutumin da ke Riƙe da Sirdin Keken Mardiya

Ard al-Liwa, Alƙahira
Ranar Talata

Zuwa ga Baffana, Malam Jibrin, Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma Khadija da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Hajiya Nana Fatima, wadda ta zo nan aikin ido, kuma ita za ta kawo maka wannan hannu da hannu, ta ce mini yanzu a zaune kake nafila. Allah ya sa kaffara ce, ya ɗauke maka ciwon. Ta kuma ba ni labarin haihuwar Yaya Saratu, da cewa an mayar wa yaron sunan marigayi Babanmu. Allah ya raya shi, ya ba shi halin mai sunan. Mu nan jiki lafiya lau, alhamdu lillahi. Zuciya ce ba lafiya, kuma ita ta zaunar da ni rubutu.

Ka san karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, ka yi haƙuri da rubutun. Kwana uku ina yinsa, in rubuta in yage. Akwai ɗalibai da yawa a nan da za su rubuta mini mai kyau, amma ban yarda kowa ya gyara mini magana ba. Ban kuma kira ka a waya ba, saboda tun ina yaro in ka ce "Harun" da muryar nan taka sai bakina ya mutu, kuma ya riga ya mutu sau ɗaya a inda bai kamata ba. Ka yanke cewa ƙanwata Mardiya ta haɗa kayanta ta dawo gida kafin ƙarshen wata, alhali kwana goma sha biyu bayan haka za a fara jarrabawarta ta shekara ta uku. Dalili kuwa hoton nan da ɗanka Yaya Abdussalam, da ke karatu a nan, ya turo zauren gidanmu na waya: ita a kan keke a bakin kogi, wani namiji a bayanta ya riƙe sirdi, ba a ganin fuskarsa. Baffa, tun da Babanmu ya rasu ban taɓa musa maka ba. Yau ma ba musu na zo yi ba. Na zo in faɗi abin da idona ya gani a safiyar wannan Juma'ar, don ni ne mutumin da ke riƙe da sirdin.

Amma kafin in faɗi abin da na gani, dole in faɗi inda nake lokacin da na gan shi, kuma a nan tawa ƙaryar take. Ni ba mai kula da sito ba ne a kamfanin fulawa, ban taɓa riƙe mabuɗin kowa ba. Shekara huɗu ke nan burodi nake ɗauka a ka. Akwai gidan burodi a bayan layin dogo nan unguwarmu, na wani dattijo Ammu Fadl. Burodinsu ba irin namu ba ne, zagayayye ne kamar gurasa, suna ce masa aish, kuma da zafinsa ake son sa. Ana jera shi a kan wani faffaɗan faifai na sandunan dabino, tsawonsa ya kusa ƙyauren ɗaki, wani lokaci hawa biyu. Sai in naɗa gammo, a ɗora mini, in hau keke, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a gefen faifan, in kai wa masu sayar da wake da masu shayi. Ranar da na fara sau biyu ina zubar da shi a titi, Ammu Fadl ya ce ma'alish, wato ba komai, kowa da haka ya fara. Na ɓoye muku ne saboda a gida talla a ka aikin 'yan mata ne, kuma na san yadda za a yi da labarin a majalisar ƙofar gidanka. Mutum biyu kaɗai a danginmu suka sani: Mardiya, wadda na sa ta yi mini alkawarin rufe baki, da Yaya Abdussalam, wanda a shekarar farko ya zo har gidan burodin, ya ci aish da zafinsa, ya ce Allah ya sa albarka.

Aikin nan ya koya mini gari, ya kuma koya mini gani. Mai faifai a ka ba ya juya wuya. In ya juya, burodi ya tafi. Da wutsiyar ido kake kallon komai, kuma ba ka da damar jan birki farat ɗaya, sai ka hango mutum tun daga nesa ka san abin da zai yi kafin ya yi. Don haka in na ce na ga abu, Baffa, na gan shi. Kogin Nilu kuwa na san shi kamar hanyar gonarmu. Na san gadar ƙarfe ta Imbaba, wadda jirgin ƙasa ke bi ta tsakiyarta, in ya zo sai ka ji girgizar har cikin haƙoranka. Na san inda jiragen ruwa masu ɗakuna suke ɗaure, mutane na shanya a kansu kamar a tsakar gida. Na san tsibirin da ke tsakiyar kogin, da hanyar da ta bi gefensa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Sauran kwanaki garin nan hayaƙi ne da hon da zagi, amma safiyar Juma'a kowa na barci har hantsi, titin da kullum sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka, ranar ƙarar sarƙar kekenka kaɗai za ka ji. A lokacin ne masu keke ke fitowa, maza da mata, tsofaffi da 'ya'yansu, har da masu niƙabi, su bi bakin ruwa daga wannan gada zuwa waccan. In na gama rabo ni ma nakan bi su, in haye ta gadar jami'a in dawo ta wata. Shi ne hutuna a mako.

Mardiya kuwa shekara biyu da rabi tana garin nan ba ta taɓa ganin kogin ba sai ta tagar mota. Daga ɗakinsu a Hayyin Ashir sai aji, daga aji sai ɗaki. Tun rasuwar Inna bara, da ba ta sami zuwa ko ta'aziyya ba, ta canja. Widad, 'yar ɗakinsu, Bahaushiyar Sudan ce mai hankali, ita ta kira ni ta ce ƙanwarka ba ta cin abinci, tana buɗe littafi ta zauna a shafi ɗaya har la'asar. Ni ban iya wa'azi ba, ban iya lallashi ba. Abin da nake da shi keke ne da kogi. Na ce su biyun su fito ranar Juma'a da sassafe su same ni a gindin gadar nan mai gumakan zakuna, in nuna musu ruwa. Maganar hawa keke ma ba ta cikin shirin.

Ranar na taho da faifan ƙarshe, hawa biyu, zan haye gadar zuwa wajen wani mai wake a ɗaya ƙetaren. Rana ta fito ke nan, ruwa ya yi ja. Gadar fayau, sai masu kamun kifi biyu-uku da suka jingina sandunansu a jikin ƙarfe, cikinsu har da Iliya, wani mutumin Kagoro da ke tuƙa ma'aikacin ofishin jakadancinmu, wanda duk Juma'a muke gaisawa da Hausa. Tun daga zakin farko na hango mutum huɗu cikin fararen jallabiyoyi suna ɗaukar hoto, na kuma gane Yaya Abdussalam tun kafin in ga fuskarsa, da yadda yake tsayuwa hannu a baya kamar kai. Wallahi daɗi na ji, wata biyar ban gan shi ba. Na kaɗa ƙararrawa, na rage gudu, na ce, "Salamu alaikum, Yaya Abdussalam." Ya juyo. Idona ya shiga nasa. Na ga idon ya hau kan faifan, ya sauko kan rigata mai garin fulawa, ya koma kan abokansa, sa'an nan ya ba ni baya ya kama kallon ruwa kamar wani abu nasa ya faɗa ciki. Ɗaya daga cikin abokan ya amsa mini sallamar, ya tambaye shi wane ne wannan da ya san sunansa. Ina daidai kafaɗarsa lokacin da ya ba da amsa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Ya ce, "Ban san shi ba. 'Yan Sudan ɗin nan ne masu jin Hausa, sun haddace sunan kowa."

Ban tsaya ba, kuma ko na so ba zan iya juya wuya ba. Na kai burodin, mai wake ya ce yau me ya sami fuskata, na ce iska ce. Na ce wa kaina ba komai, mutum ne mai matsayi a cikin ɗalibai, shi ke ja musu salla, bari in bar shi da kunyarsa. Da zan dawo ma ta ɗaya gefen gadar na bi, don kada in sake sa shi a wahala. Ka lura da wannan, Baffa: ni na kauce masa, don in rufa masa asiri.

Na sami Mardiya da Widad a gindin gadar ta ɓangaren tsibiri, muka sauka hanyar bakin ruwa. Ta daɗe tana kallon kogin. Sai wasu mata uku suka wuce a kan kekuna, babbarsu ta kai sa'ar Gwaggo Fatu, tana yi wa na bayanta tsiya wai sun cika nawa. Mardiya ta bi su da kallo, ta ce ko na tuna yadda Baba yake ɗora ta a gaban kekensa in za shi fadama, ni a kariya riƙe da fartanya. Na ce na tuna. Ta ce kullum yana cewa in ta girma zai koya mata, bai kai ba. Sa'an nan ta dube ni. To, me zan ce mata? Na ba Widad faifai ta riƙe, na sauke sirdi, na ɗaure mata gefen hijabi don kada sarƙa ta ci, ga doguwar riga da wando har idon sawu. Na riƙe sirdin ina gudu a bayanta, tana ta cewa kada in saki, Widad tana cewa yalla, yalla, wato ta ci gaba. Sau biyu ta nufi kogi, sau ɗaya ta kusa shiga wani mai shara, ya daka tsalle yana dariya yana yi mata addu'a. A karo na huɗu na saki ba ta sani ba, ta yi nisa ita kaɗai, da ta waiwayo ta gan ni can baya sai ta ƙyalƙyale da dariya ta faɗi a kan ciyawa. Tun rasuwar Inna ban ji wannan dariyar ba. Daga nan muka sayi wake, ta cinye nata ta sa hannu a nawa. Abin da ya faru ke nan, ba ragi ba ƙari. Kafin hantsi sun koma.

Abin da ban sani ba shi ne su Yaya suna saman gadar har lokacin. Wannan ɓangaren ban ji da kunnena ba, Abdulbasit ne ya faɗa mini, wato wanda ya amsa sallamata, ɗan Zariya ne, ajinsu ɗaya. Ya ce wani a cikinsu ne ya gane Mardiya, saboda suna ganinta a taron ɗalibai, ya ce wa Yaya waccan ba ƙanwarsa ba ce tare da mai burodin ɗazu? Ka ga inda ya tsaya, Baffa. Ɗazun nan ya ce bai san ni ba. In ya ce ai wanta ne, ya zama maƙaryaci a gaban mutanen da yake ja wa salla, ya kuma zama ɗan'uwan mai talla. In ya yi shiru, ya zama wanda aka ga ƙanwarsa da baƙon namiji bai ce komai ba. Sai ya yi salati da ƙarfi, ya ciro waya, ya jira sai da na ba da baya, ya ɗauka. Abdulbasit ya ce har matsawa gefe ya yi don kada Widad ta fito a ciki. Abokan suka ce su sauka su tsawatar, ya ce a'a, maganar manya ce, gida zai kai ta. Ai dole, da sun sauko da na ce masa Yaya a gabansu karo na biyu.

Sauran ka sani. Mardiya ta ce maka ni ne. Ka tambayi Yaya, ya ce shi da idonsa ya ga mutumin da burodi a ka, me zai haɗa Harun na kamfani da tallan burodi? Ka kira ni, na ce ni ne, ka ce rufa wa ƙanwata asiri nake yi, ka tambaye ni tun yaushe na zama mai talla. A nan ya kamata in ce shekara huɗu. Na buɗe baki, na tuna majalisar ƙofar gida, na yi shiru, ka kashe waya. Wannan shirun nawa ne, ba na Yaya ba, kuma ban yafe wa kaina shi ba. Ya ɗora ƙaryarsa a kan tawa don ya san ba zan so a ɗaga ta ba. Mardiya kuma, wadda magana ɗaya za ta fitar da ita, ta riƙe alkawarin da ta yi mini. Ana kiranta da sunayen da ba zan rubuta ba, amma ba ta ce wanta burodi yake ɗauka ba. A cikinmu mu uku ita kaɗai ce ba ta yi ƙarya ba, kuma ita aka ce ta haɗa kaya.

Na yi haƙuri kwana tara, ina cewa Yaya zai ji nauyi ya gyara da kansa. Ka san ni da haƙuri, har Inna kan ce ya yi yawa. Da na ji shiru, na sa rigar salla don kada in sake ba shi kunya, na hau keke tun daga nan har masaukinsa, shi ma a Hayyin Ashir. Bai bar ni na shiga ba, wai suna bitar karatu, a matakala muka tsaya. Ban ɗaga murya ba. Na ce masa abin da ya yi mini a gada na bar shi. Ya kira ka kawai ya ce ya sake duba hoton ya ga kamar ni ne, ba sai ya ce ƙarya ya yi ba. Har hanyar fita na kawo masa. Ya ce ko ni ne ko ba ni ba ne, mace a kan keke a bainar jama'a abin kunya ne, ya jawo mini dogon Larabci wanda ya san ba na ganewa. Na ce to ya faɗa maka hakan, cewa laifinta keke ne ba namiji ba, kai ka yi hukunci a kan gaskiya. Sai ya duba ƙofa ko akwai mai ji, ya rage murya ya ce, "Harun, in na janye yanzu, da wane ido zan kalli mutanen nan? Ita mace ce, ko ta koma aure za ta yi. Khalas, ka bar maganar." Na dube shi, na sauko. A ƙasan benen Abdulbasit ya biyo ni, ashe ya gane fuskata. Ya ce don Allah ni wane ne a wurin Abdussalam. Na ce ubana da ubansa uwa ɗaya uba ɗaya. Ya riƙe baki, sa'an nan ya ba ni labarin saman gada, ya ce duk inda ake so ya maimaita zai maimaita.

Baffa, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Na taka feda daga can ban san ta inda na bi ba, sai tsintar kaina na yi a kan gadar Imbaba. Ya ƙi ni a gaban mutane, wannan ciwona ne, zan iya da shi. Amma yarinyar da ta sauke Alƙur'ani tana da shekara sha huɗu, ta ci jarrabawar da ta kawo ta nan ba wanda ya yi mata hanya, a ce za a tsinke mata karatun shekara uku, a kuma liƙa mata sunan da zai bi ta har ɗakin mijinta, don kawai wani ya ci gaba da tsayuwa a gaban sahu? Shi da ka ba amanar ya riƙa duba ta, sau nawa ya taka ɗakinsu da Inna ta rasu? Sau ɗaya, ya yi addu'a a bakin ƙofa ya tafi. Ya san ba ta cin abinci? Bai sani ba. Ranar da ta fara dariya ce ya ga ya dace ya ɗauki hoto. Ɗanka ne, na sani, kuma na san maganar nan za ta fi ƙafar yi maka zafi. Amma kai ka rene mu a kan cewa ba a shaidar zur ko a kan akuya ce, ni kuma na riƙe.

Jiya na je na gan ta. Akwatinta a ɗaure yake a bakin ƙofa, ta ce ba za ta saɓa maka ba. Littattafan kaɗai ta bari a waje, tana karantawa, Widad ta ce wani lokaci sai ta rufe ta ce karatun me. Na gaya mata zan rubuta maka komai, har da maganar burodi. Ta ce in bari, za a yi mini dariya a gari. Na ce a yi.

Ba sai ka yarda da bakina ba, tunda na taɓa yi maka ƙarya. Ka sa a buɗe hoton, a faɗaɗa shi wajen kafaɗar mutumin ta hagu. Akwai wani ƙyalle a rataye, shuɗi mai zanen ganye ruwan ɗorawa. Gammona ne, na warware shi na rataya da zan kama sirdi. Tsohon zanen Inna ne, wanda take naɗa gammo da shi in za ta rijiya, a ciki ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da yaji ranar da zan taho. Ita da Gwaggo Fatu suka raba turmin biyu a bikin Yaya Saratu, kuma na san Gwaggo ba ta yar da zane. Na yago gefensa na sa a cikin ambulan ɗin nan. Ka kira Gwaggo, ka ba ta ƙyallen, ka nuna mata hoton, kada ka ce mata komai. Sa'an nan ka tambayi Yaya inda Basudane ya sami zanen Inna.

Abin da nake roƙo ɗaya ne: ka dakatar da tikitin, ka bar ta ta zauna jarrabawarta. Maganar keke hukuncinta na hannunka. In ka ce kada ta ƙara hawa, ba za ta ƙara ba, ni na ɗora ta, laifin a wuyana. Amma in za a hukunta ta, a hukunta ta a kan abin da ta yi. In kuma dole sai wani ya dawo gida don ya kunyata dangi, to ni ne mai talla, ni na yi ƙarya, ka kira ni in taho. Aikin kuwa ka faɗa wa duk wanda ya tambaya, a majalisa ko a masallaci: Harun burodi yake ɗauka a ka a Alƙahira, a kan keke, kuma shekara uku rabonsa da zubarwa.

Ka gaishe mini da Umma Khadija, ka ce ta yafe mini, ba don in ɓata mata ɗa na rubuta ba. Ina gaida Gwaggo Fatu, da Kawu Tasi'u da iyalinsa, da Yaya Saratu da mai sunan Baba, da Malam Hudu liman, da duk wanda ya tambaye ni. Mardiya tana gaishe ka, ta ce tana neman gafara in ta ɓata maka. Akwai man zafi da na ba Hajiya saboda ƙafar, ana shafawa safe da yamma.

Waɗanda suka ga abin da na gani, na rubuta lambobinsu a bayan takardar, kuma duk na nemi izininsu. Widad, wadda ke riƙe da faifai a gefen da aka yanke daga hoton. Iliya direba, wanda sandarsa ke jingine taku biyar daga inda aka ce ba a san ni ba; addininmu ba ɗaya ba ne, amma ya ce zai faɗi abin da ya ji ko a gaban wa. Abdulbasit ɗan Zariya, wanda ya amsa sallamata, ya kuma ga yadda aka ɗauki hoton. Ammu Fadl bai je gada ba, amma shi ya ɗora mini faifan da hannunsa a safiyar, sai dai ba ya jin Hausa, sai an fassara maka. Na ƙarshe ban rubuta lambarsa ba, kana da ita. Shi ya fi kowa ganina a ranar, don ido cikin ido muka yi. Ka kira shi bayan Gwaggo ta gama duba ƙyallen.

Wassalam. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai.

Ɗanka,
Harun